Saƙon da Kare Yake Kaiwa Cikin Barci

Inna, dalilin da ya sa kare yake gudu alhali yana kwance yana barci, shi jikokinki suka tambaye ni jiya, ni kuma na ba su amsa. Ita zan maimaita miki a wannan takarda, ko da yake ko da kina raye ba karatun boko kike yi ba, ni ma kin san inda nawa ya tsaya.

Yau kwana arba'in da uku da rasuwarki. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an mayar wa maƙwabta tabarminsu. Jiya bayan azahar ina zaune a inuwar rumbu, Saude da Hajo, 'ya'yan Yaya Haladu, suna ɓare gyaɗa kusa da ni. Ga shi na rubuta sunansa, Inna, tunda ke ba ki taɓa kira ba. Ɗan farinki ne, kunyarsa kike ji kamar yadda aka san uwa da yi, shekara talatin da huɗu "wancan" kike ce masa. To karensa, Ƙyale-su, ya tona ƙasa mai sanyi a gindin rumbun ya kwanta. Can sai ƙafafunsa suka kama motsi, na gaba da na baya, kamar mai tsere. Leɓensa yana rawa, yana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Hajo ta ɗauki tsinke za ta tsokane shi, Saude ta buge mata hannu, ta juyo ta ce in faɗa musu ina yake zuwa.

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma kin san abin da ke cikina. Ranar da kika cika kin aike ni in kira miki Yaya daga lambu, ban kai aiken ba, kuma har yanzu bai san kin neme shi ba. Bakin nan da ya kasa faɗin wannan, shi ya buɗe ya ba yara labarin kare. Saude ta ce ai kin hana tatsuniya da rana. Na ce wannan ba tatsuniya ba ce, dalili ne. Ga yadda na faɗa musu.

A zamanin da, ba haka kare yake barci ba. In ya kwanta, ya kwanta ke nan kamar dutsen niƙa, ba kunne a tsaye, ba motsi, ba mafarki. Ko kaza ta hau kansa ta yi cara ba zai sani ba. Kuma a lokacin yana magana kamar ni da ku, har ya fi wasu mutanen iya gaisuwa. Aikinsa a gida shi ne aike, don ba wanda ya kai shi ƙafa.

A wani ƙauye a bakin fadama akwai wata mata, Tsahara. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗa guda ya rage mata, Nomau, shi ne kuma na farinta. Don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa. In ta zuba masa tuwo sai ta ajiye, ta kau da kai, ta ce wa iska ga abinci nan. In ba shi da lafiya sai ta tura maƙwabciya ta duba shi, ita kuma ta laɓe a bayan danga tana ƙirga tarinsa. Nomau ya san al'ada ce, duk ƙauyen an sani. Amma ya girma ya yi gemu bai taɓa jin yadda sunansa yake fita daga bakin uwarsa ba, kuma wani lokaci in yana aiki shi kaɗai yakan yi tunanin ko kunya ce kawai, ko kuwa akwai wani abu a bayan kunyar.

Kare kuwa, Tsahara ta tsince shi ne yana kwikwiyo a bakin rijiya. Shi take kira sau ashirin a yini. Shi take kankare wa ƙanzo, shi take wa hira in tana kaɗi, shi take wa faɗa, ta dawo ta lallashe shi. Har ya ɗauka a ransa cewa shi ne ɗan gidan, Nomau baƙo ne mai zuwa cin tuwo.

Ana nan, da bazara, Tsahara ta kwanta ciwo. Kare ya tare a bakin ƙofarta, kwana uku bai runtsa ba. Shi ke korar kaji, shi ke rugawa ya kira maƙwabciya in tana son ruwa ko a juya ta. Nomau kullum da sassafe sai ya zo ya tsuguna a waje ya gaishe ta, ta amsa tana fuskantar bango, ya tashi ya tafi lambu, don albasarsa in ta yini ba ruwa a wannan zafi ƙonewa za ta yi.

A rana ta huɗu, da rana ta take tsaka, ba kowa a gidan sai su biyu, Tsahara ta kira Kare da wata murya da bai san ta da ita ba. Ya leƙa. Ta ce, "Je ka ce wa wancan ya taho."

Kare ya san wanda take nufi. Amma sai ya tsaya ya ce, "Wa?"

Ta dube shi, ta ɗan yi murmushi, ta ce, "Ka sani."

Ya fita da gudu, amma kafin ya bar gari gudun ya koma sassarfa, sassarfa ta koma tafiya. Ƙasa tana ƙuna kamar an zuba garwashi, idonsa yana yaji don rashin barci. Yana tafe yana magana da kansa. Wai shi da ya kwana uku a tsaye, shi da ya san yawan numfashinta, yanzu da abin ya zo ƙarshe ba shi take so ta gani ba, wancan take nema, wanda albasa ta fi ta a wurinsa. Ya san ba haka ba ne, yara, ya sani sarai. Amma zuciya in ta ga dama takan zauna a kan abin da ta san ba gaskiya ba ne, don daɗin zaman.

A rabin hanya akwai rijiya a gindin wata tsamiya, ruwan da masu ɗiba suke zubarwa ya jiƙa ƙasar wurin ta yi sanyi. Kare ya tsaya. Ya ce bari ya ɗan kwanta, inuwa ta matsa taku ɗaya kawai, Tsahara ma ta ɗanɗana jira. Ya sa haɓarsa a kan taɓon.

Na faɗa muku irin barcin wancan zamani. Da ya buɗe ido, inuwar tsamiya ta miƙe ta yi gabas har ta haye hanya, kuma daga wajen gari iska tana kawo koke-koken mata. Ya tashi ya tsaya a tsakiyar hanya, ya dubi wajen lambu, ya dubi wajen gida, bai san wanne zai bi ba. Da ya isa gida ya tarar da Nomau a tsakar gida da laka a ƙafarsa, wani ne ya je ya kira shi bayan komai ya wuce.

Aka kai ta, aka dawo. Da mutane suka ragu, Nomau ya ja Kare bayan gida, ya tsuguna har kansu ya zo daidai. Ya daɗe yana wasa da wani kara a ƙasa kafin ya yi magana.

"Kai ne a wurinta har ƙarshe. Ta neme ni?"

Kare ya dubi karan. Ya ce, "Ba ta ambaci sunanka ba."

Nomau ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Ya ce haka ne, da ma ya sani, tambaya kawai ya yi. Sannan ya ɗora hannu a kan Kare ya ce masa sannu da jinya, Allah ya biya shi. Ya shiga ya kawo masa tuwon sadaka a akushi, ya tsaya har sai da ya ga ya ci.

Nan Hajo ta katse ni, Inna. Ta ce ai ƙarya ya yi, Allah zai ƙona shi. Saude ta ce mata ke dai ba ki da kai, ina ƙaryar, ai da gaske ba ta faɗi sunan ba. Hajo ta ce to in ba ƙarya ba ce mece ce? Duk suka zuba mini ido. Na ce su bari in gama, gyaɗar nan ma ba ta ɓare kanta.

Daga ranar barci ya ƙaurace wa Kare. Ku sani Barci wata tsohuwa ce mai yawo gida-gida da mafici, duk wanda ta yi wa fifita sau uku ya tafi. To in ta zo kan Kare sai ta sunkuya ta leƙa shi, ta tsuke baki, ta wuce. Kwana bakwai haka. Ya rame, haƙarƙarinsa ya fito, yana tafiya yana karo da turmi. A rana ta takwas ya bi sawunta har gindin wata kuka inda take hutawa da hantsi, lokacin da aikinta ya yi sauƙi. Ya gaishe ta, ya tambayi laifin da ya yi mata.

Tsohuwa ta ce ita bai yi mata komai ba. Ta ce, "Ɗakinka ne da baƙo. Saƙon wata yana kwance a cikinka, ya miƙe ƙafa tun daga maƙogwaro har wutsiya. Ni kuwa ba na haɗa ɗaki da saƙo. Ba ya barci, ba ya bari a yi."

Kare ya tambaye ta yadda zai kore shi. Ta ce ba a korar saƙo, kai shi ake yi, kuma mai shi yana nan a lambu, tafiyar ba ta kai a sha ruwa a hanya ba. Ya ce in ya faɗa yanzu, bayan ya ci tuwon, da wane ido Nomau zai dube shi?

Ta ce, "Da wanda Allah ya ba shi mana. Wani kake so ya aro?"

Kare ya kwanta a gabanta ya sa kai a ƙasa. Ya ce ta taimake shi, ba zai iya ba yanzu, sai nan gaba in zuciyar Nomau ta yi sanyi. Ya roƙe ta ta shigo ko a bakin tabarma ne, su raba ɗakin da baƙon. Tsohuwa ta daɗe tana juya maficinta. Daga baya ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Ido nata ne, za ta rufe su. Kunne ɗaya nata, ɗaya na saƙo. Ƙafafu kuwa, da zarar ta rufe idon, duka huɗun na saƙo ne, don shi tafiya aka yi shi dominta. Kare ya ga abin da araha, ya ce ya amince.

Ya koma gida ya nemi inuwa. Ya zaga sau ɗaya, ya zaga sau biyu, ya zaga sau uku, yana neman gefen da baƙon bai kwanta ba. Bai samu ba, ya dunƙule a haka. Tsohuwa ta yi masa fifita.

Sai ga shi a kan hanyar lambu, rana tsaka, ƙasa tana ƙuna. Wannan shi ne mafarkin farko da wani kare ya taɓa yi a duniya. Yana gudu, ya zo tsamiya, sanyin taɓo ya kira shi, bai ko waiwaya ba. Ya hango Nomau a sunkuye yana jan ruwa. Ya buɗe baki tun daga nesa yana cewa taho, taho, ta ce ka taho. Amma lambun sai ƙara nisa yake yi, muryarsa kuma ta ƙanƙance ta koma kamar ta kwikwiyo. Ya farka a firgice, ƙafafunsa sun share ƙasa.

Haka ya zama kullum. Wata rana ma yakan isa. Nomau ya ɗago kai, ya yar da guga, su rugo tare, su tarar da ita da sauran numfashi, ta juyo daga bango ta dubi ɗanta. A irin wannan mafarkin har wutsiyar Kare takan bugi ƙasa don murna. Shi ne kuma mafi muni, don in ya farka sai ya ɗaga kai ya duba dama da hagu, ya tuna, ya sunkuyar da kai yana lasar ƙafarsa kamar wani aiki ne ya tashe shi.

Da rana kuwa ya daina magana a gaban Nomau, don tsoron kada maganar ta kuɓuce masa. Daga nan ya daina a gaban kowa. Kullum yana cewa gobe. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Nomau dai ba ya faɗa da kowa, ba ya dariya da kowa. Wata safiya ya bar wa maƙwabci lambun, ya ɗaure kayansa a buhu, ya ce zai bi fatake, don bai ga abin da ya riƙe shi a garin da ko uwarsa ba ta neme shi ba.

Kare ya ji wannan da kunnensa. Ya tsaya har Nomau ya kai bakin gari, sannan abin ya tsinke masa, ya ruga. Wannan karon bai tsaya ko'ina ba. Ya sha gabansa, ya buɗe baki zai ce ta ce ka taho. Amma harshen da aka daɗe ba a mora ba ya riga ya sandare. Kan maganar ya maƙale, wutsiyarta kawai ta fito: ho, ho, ho. Nomau ya ɗauka so yake ya bi shi. Ya ciro ƙuli-ƙuli daga aljihu ya jefa masa, ya ce, "Koma gida, kai ka riga ka yi mata abin da ni ban yi ba." Ya wuce, ba a sake jin labarinsa ba.

Saƙo ya rasa mai karɓa, kuma ba ya mutuwa. Da Kare ya haihu ya shiga cikin 'ya'yansa, ya shiga jikokinsa. Shi ya sa har yau kare ba ya kwanciya sai ya zaga, in ya kwanta kuma kunnensa ɗaya yana tsaye, ko ganye ya faɗi sai ya buɗe ido. Shi ya sa za ku ga kwikwiyon da ko tafiya bai iya ba yana harbin iska a jikin uwarsa, bai san Tsahara ba, bai san hanyar lambu ba, amma ƙafafunsa sun sani. In kun ga ƙwayar idonsa tana yawo a ƙarƙashin fata, hanya yake dubawa. Kada ku tashe shi da tsinke. Wataƙila ranar ce zai isa.

Nan na tsaya, Inna. Hajo ta ce wannan kare sakarai ne, magana guda ce fa, da ita ce da tun a wurin tuwon ta faɗa. Ta cika hannu da gyaɗar da ba tata ba ta gudu waje.

Saude ba ta tashi ba. Kin san ita ce ta fari a ɗakin Hurera, matar Yaya, kuma kin san "ke 'yar nan" uwarta take ce mata. Ta ɓare gyaɗa ta kai biyar ba ta sa ko ɗaya a kwano ba, tana riƙe da su a hannu. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Baffa, ashe ita Tsahara tana son sa?"

Na ce fiye da kowa. Na ce da ta ga za ta tafi, duk duniya shi kaɗai ta aika a kira.

Ta juya ta dubi wajen madafa, inda uwarta take tankaɗe ta ba mu baya. Ta daɗe tana kallo. Fuskar yarinyar nan, Inna, kamar an buɗe taga a ɗakin da ya shekara a rufe. Na ga abin da magana guda take yi wa mutum, na kuma san wanda na hana wa ita.

Sai ta miƙe tana karkaɗe zane, ta ce in Babanta ya dawo daga lambu za ta ba shi labarin nan tun daga farko, don shi ma ɗan fari ne, zai ji daɗi.

A cikin labarin akwai magana ɗaya da Yaya zai gane ko cikin barci aka faɗa masa ita, don ba ƙirƙirarta na yi ba. A kunnensa na faɗe ta, cewa ba ki ambaci sunansa ba, muna dawowa daga makabarta, shi ma kuma sannu da jinya ya ce mini. Da na yi shiru kawai, da yarinyar ta kai miki aikenki a daren jiya, ba da ƙafata ba, ba da bakina ba. Na ga hanyar a buɗe. Sai na ji muryata tana cewa kada ta faɗa masa, tatsuniyar rana ce, in ya ji zai yi mana faɗa ni da ita. Ta ce ai na ce ba tatsuniya ba ce. Na ce duk da haka. Ta dube ni jim kaɗan, ta ce to, ta yi alkawari. Yarinya ce mai riƙe alkawari, ke kika rene ta.

Yau da safe Yaya ya leƙo ɗakina kafin ya fita. Ya ce ya ga ina ramewa, in riƙa cin abinci, kada in sa abin a rai, ni ai na samu albarkarki tunda a hannuna kika yi jinya. Na ce to, Yaya. Ya tura kekensa, Ƙyale-su ya bi shi a baya, na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu har suka sha kwana.

Sau biyu ke nan na hana aikenki isa, Inna. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.